Hukuncin Kashe Sarauniyar Zuma da Ƙone Amyar da Ta Kamu da Cuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon zuma a ƴar gonata. Sarauniyar amya ɗaya ta daina ƙwai yadda ya kamata, an ce in kashe ta in sa sabuwa. Wata amyar kuma tsutsotsinta suna ruɓewa, an ce sai dai a ƙone ta. Na kuma ji cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe ƙudan zuma. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. Ahmad da Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda da tsuntsun da ake kira Surad. Malamai sun bayyana cewa an hana kashe ƙudan zuma ne saboda amfaninsa, wato zuma da kaki, kuma Allah Ya ce a cikin zuman akwai waraka ga mutane, a Suratun Nahli aya ta 69. Don haka asali haramun ne. Amma hanin da aka yi domin kare amfani ba ya hawa kan kisan da babu hanyar tsare wannan amfanin sai da shi.

Mu fara da sarauniya. Ita kaɗai ce uwar gidan, a ganiyarta tana iya zuba ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a rana. Ma'aikaciya, wato ƙudan zuma mai yi wa gidan aiki, tana fitowa kimanin kwana 21 bayan an zuba ƙwanta, a lokacin aiki kuwa ba ta wuce kamar mako shida a raye. Ka ga in ƙwai ya ja baya, cikin wata biyu gidan ya rame, ƙwarin kaki su mamaye saƙar. Alamar gazawarta ita ce ƙwai ya warwatsu nan da can da ramuka fanko a tsakani, ko marufin ramukan ma'aikata ya kumburo sama, wanda ke nuna maniyyin da ta ajiye ya ƙare, maza kawai take haifa. Kafin ka ɗora mata laifi ka tabbata ba yunwa ba ce, domin in fure ya yi ƙaranci lafiyayyar sarauniya ma takan rage ƙwai.

In gazawar ta tabbata, kashe ta ya halatta, domin ran ƙwaro ɗaya ne a tsare dubbai, kuma ƙa'ida ce a ɗauki ƙaramar cuta don kauce wa babba. Ka murƙushe ta lokaci guda, saboda hadisin Muslim cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Ka bar gidan kamar yini ɗaya ba uwa, sannan ka sa sabuwar cikin ƙaramin keji mai toshiyar sukari tsakanin saƙar tsutsotsi. Cikin kwana biyu zuwa uku za su cinye toshiyar, sun riga sun saba da ƙamshinta. In ka sake ta kai tsaye, sukan yi mata taron dangi su kashe ta, ka yi asarar biyu. Bayan mako guda ka duba ko akwai sabon ƙwai.

Wadda take lafiya kuwa, ana son canza ta ne don kawai ta cika shekara biyu, ban ga halaccin kashe ta ba matuƙar akwai mafita. Mafitar kuwa mai sauƙi ce: ka mayar da ita ƙaramin akwati da saƙa biyu ko uku, da tsutsotsi da zuma da ma'aikatansu.

Batun ƙonawa ya fi nauyi. Annabi (SAW) ya ga gidan tururuwa da aka ƙone, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Abu Dawud ya ruwaito. Don haka cinna wa ƙudan zuma wuta da ransu haramun ne, ko don cuta ko don cire zuma. Hayaƙi mai sanyi da ake busa musu kaɗan don su lafa ba ya cikin wannan.

Sannan ba kowane ruɓewa ne ke wajabta halaka amya ba. Wanda ake tsoro shi ne ciwon ruɓewar tsutsa da ake dangantawa da Amurka: marufin ramuka ya lotsa ya yi duhu da ƴan huda, ga wari, in ka tsoma tsinken ashana ka ja sai ruɓaɓɓen ya biyo kamar zare, santimita biyu ko fiye. Ƙwayoyin cutar suna rayuwa shekaru da dama a cikin saƙa da katako, magani kuma ba ya kashe su, ɓoye alamun kawai yake yi. Ka nemi masani ya tabbatar kafin ka taɓa komai, kada ka halaka rai a kan zato.

In ya tabbata, halaka gidan ya halatta, yana ma iya zama wajibi in akwai amyoyin maƙwabta kusa, domin ƙudan zumansu za su zo wawason zuman gidan da ya raunana su kwashi cutar, kuma babu cuta babu cutarwa. Ka jira magariba duk sun dawo, ka toshe ƙofa da duk wata kafa, ka kashe su da hanya mafi sauri da masanin ya nuna maka. Sai ƙugi ya ɗauke gaba ɗaya sannan ka sa saƙar da matattun a rami ka ƙone, ka binne tokar da ƙasa mai kauri. Ƙone gawa don kashe cuta ba azaba ba ce. Kada ka ciyar da wata amya zuman gidan, kada kuma ka sayar wa wani mai kiwo akwatin ba tare da ka faɗa masa ba, wannan algus ne.

Wallahu a'alam.