Idan an kawar da jari-hujja, ina labarin zai samo rikici?

Malam, ka tambaya ko labarin kimiyya da ya hasko duniyar da ta wuce jari-hujja zai yi daɗin karatu, tunda kowa ya ƙoshi kuma ba a danne kowa. Wasu kam ba su da armashi ko kaɗan. Looking Backward na Edward Bellamy, wanda ya fito a 1888, kusan lacca ce: mutum ya yi barci ya farka a Boston a shekarar 2000, wani likita ya zaunar da shi yana ta zuba masa bayani. Ni dai da ƙyar na kai ƙarshensa.

Ka nemi The Dispossessed na Ursula Le Guin, na 1974. Mutanen Anarres, wata ƙagaggiyar duniya da ke cikin littafin, ba su da kuɗi, ba su da gwamnati, ba wanda ya mallaki gona ko masana'anta. Amma ƙasarsu busasshiya ce, fari ya zo, yunwa ta taɓa kowa. Ga kuma hassada. Shevek masanin kimiyya ne, babbansa Sabul ya tare masa hanyar buga bincikensa, alhali babu dokar da ta ba shi wannan iko. Tsoron bakin jama'a ne ya zama ɗan sanda. Shi ya sa Shevek ya tattara ya nufi Urras, duniyar da ke maƙwabtaka da su, wurin masu kuɗi, can ma suka so su mayar da iliminsa hajar sayarwa.