Ba na gane lissafi: wace sana'a ce ta dace da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala sakandare, kuma tun ina firamare lissafi yake ba ni wahala, har idan aka ba ni canji sai na ƙirga sau uku kafin hankalina ya kwanta. Ina son karatu da rubutu, abokaina kuma sukan kawo mini damuwarsu in saurare su. Wane fanni ya kamata in bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu zo kan sana'a, ya kamata ka tantance irin raunin da kake fama da shi. Akwai wanda ya rasa tushe tun yana ƙarami, akwai wanda tsoro ne yake toshe masa kai da zarar ya ga lambobi, sannan akwai mai larurar da ake kira diskalkuliya, wadda masanin halayyar ɗan Adam Ladislav Kosc ya yi bayaninta a 1974. Mai ita yana iya zama haziƙi a sauran darussa, amma ya riƙa ruɗewa wajen karanta agogo mai hannu ko haddace jadawalin ninki. Rashin tushe da tsoro sukan gyaru a hannun malami mai haƙuri, ita kuwa larurar sai ƙwararre ya gwada ka kafin a tabbatar.

Bisa abin da ka faɗa game da kanka, ƙarfinka yana wajen harshe da sauraro, kuma daga nan nake so ka fara zaɓi. Aikin lauya ya dogara ne kan karanta doguwar takarda da natsuwa, a gano kalma ɗaya da ta sauya ma'anar yarjejeniya, sannan a gina hujja a gaban alƙali. Fassara da tafinta suna buƙatar kunne mai kaifi da sanin harsuna biyu ciki da bai. Akwai kuma aikin jarida, koyar da harshe ko tarihi, kula da ɗakin karatu, da aikin ba da shawara ga ɗalibai, wanda ya yi daidai da halin da abokanka suka gani a wurinka.

Sai dai ina jan hankalinka game da fannonin da lissafinsu yake ɓoye, domin nan ne da yawa suke tuntuɓe. Ilimin halayyar ɗan Adam yana da darasin ƙididdiga na dole a jami'a. Ma'aikacin jinya yana lissafa magani gwargwadon nauyin majiyyaci, inda kuskuren ɗigo ɗaya tsakanin 0.5 da 5 yake ninka maganin sau goma. Tela da kafinta ma a kan awo suke wuni.

Kada ka ɗauka wannan rauni yana nufin ƙarancin basira. Michael Faraday na Ingila, wanda ya fara da koyon ɗinkin littattafai, bai san lissafi mai zurfi ba, amma a 1831 ya gano yadda maganaɗisu yake samar da lantarki, sai daga baya James Clerk Maxwell ya sanya binciken cikin lissafi.

Duk da haka kada ka yar da ɗan abin da kowane aiki yake nema, wato kaso cikin ɗari, duba takardar albashi da amfani da kalkuleta. Kafin ka cike takardar neman shiga kowane sashe, ka nemi jerin darussansa tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, ka kuma duba ko ana buƙatar cin lissafi kafin a ɗauke ka.