Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Jamie Vardy Ya Taso Daga Ƙananan Rukunai Zuwa Firimiya

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto: "Muna ta musu a majalisarmu. Wasu sun ce Jamie Vardy leburan masana'anta ne kafin ya ci kofin Firimiya, ni kuwa na ce ƙarin gishiri ne. Ku raba mana gardama."

Malam, wannan karon abokan majalisarka ne da gaskiya. An haifi Vardy a birnin Sheffield a watan Janairun 1987, ya shiga makarantar horar da yara ta Sheffield Wednesday, aka sallame shi yana ɗan shekara 16 bisa dalilin ƙanƙantar jiki. A Ingila wannan shekarar ita ce mararraba. Ko dai ƙungiya ta ba yaro gurbin horo na shekara biyu, wanda daga nan ake sa ran kwantiragin ƙwararru, ko ta ce masa Allah ya ba da sa'a. Shi sai ya koma Stocksbridge Park Steels, inda ake ba shi fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a masana'antar ƙera abin ɗaurin karaya na asibiti.

Sai ka san yadda tsanin yake kafin ka gane nisan tafiyar. Firimiya ce matakin farko da ƙungiyoyi 20. Championship, League One da League Two ne na biyu zuwa na huɗu, kowace da 24. Daga mataki na biyar zuwa ƙasa an fita daga manyan rukunai, kuma Stocksbridge a mataki na takwas take lokacin da ya fara buga mata. Halifax ta ɗauke shi a 2010, Fleetwood Town a 2011. A can ya ci ƙwallo 31 a gasar mataki na biyar, suka ɗauki kofi, sai Leicester City ta saye shi a 2012 kan fam miliyan ɗaya, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan waɗannan rukunai. Yana da shekara 25 a lokacin, shekarun da wasu suka riga suka buga gasar kofin duniya.

Wani daga Maraɗi ya tambaya: "Gudu kawai gare shi ko akwai wata dabara? Masu gudu ai suna da yawa."

Ɗan'uwa, gudun ba shi ne asirin ba, lokacin tashi ne. Vardy yana tsayawa ne a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, a gefen da mutumin ba zai iya kallon ƙwallo da shi a lokaci guda ba. Idan ya tashi da wuri, mataimakin alƙali ya ɗaga tutar satar gida. Idan ya makara, an rufe ƙofa. Don haka yakan fara gudun a karkace, yana bin layin 'yan baya, sai ƙafar mai ba shi ta taɓa ƙwallo sannan ya miƙe zuwa raga. Da haka yana kan cikakken gudu yayin da mai tsaron baya yake ƙoƙarin juyowa.

Amma wannan dabara ba ta ci sai da ƙungiyar da aka gina dominta. A kakar 2015/16 kocin Leicester Claudio Ranieri ya jera 'yan wasa 4-4-2, wato huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, ya bar wa abokan hamayya ƙwallo su yi ta juyawa. N'Golo Kanté ya ƙwato, Danny Drinkwater ko Riyad Mahrez ya cilla doguwa bayan 'yan baya, Shinji Okazaki kuma yana ja da baya ya janye mutum guda. Duba ƙwallon da ya ci Manchester United ranar 28 ga Nuwamban 2015: United ce ta buga kwana, gola Kasper Schmeichel ya cafe ya jefa wa Christian Fuchs, shi kuma ya ratsa ya zura ta bayan 'yan baya. Da wannan Vardy ya cika wasa 11 a jere yana cin ƙwallo a Firimiya, ya shafe tarihin Ruud van Nistelrooy na wasa 10. Ya gama kakar da ƙwallo 24, Leicester ta ɗauki kofi da maki 81.

Inda abin yake lalacewa kuwa a fili yake. Idan abokan hamayya suka koma baya suka tare a bakin ragarsu, babu filin da zai shiga, sai ka gan shi wasa guda bai taɓa ƙwallo sosai ba. A ganinmu wannan na cikin abin da ya taƙaita shi a tawagar Ingila, wadda yawanci ita ke riƙe ƙwallo, ga kuma Harry Kane a gabansa. Wasa 26 ya buga mata, ya ci 7, ya janye bayan gasar kofin duniya ta 2018. Kada kuma a manta kakarsa ta farko a Leicester ƙwallo huɗu kacal ya ci a gasa, har ya yi tunanin barin ƙungiyar, koci Nigel Pearson da mataimakansa suka lallashe shi.

Wata daga Kumasi: "Me ya hana shi komawa babbar ƙungiya?"

Hajiya, dama ta zo. Arsenal ta neme shi a 2016, ya ƙi, ya sabunta kwantiragi. Salon Arsenal na lokacin gajerun bugu ne a gaban ragar da aka cunkushe, wato ainihin abin da ba ya yi masa. Zaman ya biya shi: takalmin zinare, kyautar wanda ya fi cin ƙwallo a Firimiya, a 2019/20 da ƙwallo 23 yana ɗan shekara 33, da kofin FA a 2021. Ya bar Leicester a 2025 da ƙwallo 200 a wasa 500, ya koma Cremonese ta Italiya.

Wani mahaifi daga Kano: "Ɗana shekararsa 16, wani ya ce in kawo kuɗi ya kai shi ƙaramar ƙungiya a Ingila ya taso kamar Vardy. Ya kuka gani?"

Alhaji, riƙe kuɗinka. Hanyar Vardy ta ɗan ƙasa ce, wanda ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya taka leda a garinsu. Ɗanka kuwa shinge biyu ne a gabansa. Dokar FIFA ta hana sauya sheƙar yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyaye su ƙaura bisa dalilin da ba na ƙwallo ba. Sannan baƙo yana buƙatar amincewar hukumar ƙwallon Ingila kafin ya samu bizar aiki, kuma ana duba wasannin da ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito. Bizar ziyara ba ta ba mutum damar kama aikin ƙwallo.

Dubi biyu daga cikin 'yan Najeriyar da suka yi wasa tare da Vardy. Ahmed Musa daga Kano Pillars ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, ya wuce CSKA Moscow a 2012, sai a 2016 ya isa Leicester. Wilfred Ndidi ta Genk ta Beljiyam ya bi, ya sauka Leicester a Janairun 2017. Dukansu sai da suka yi suna a wata gasar tukun. Kafin ka saurari kowane dillali, nemi lasisinsa na FIFA da takardar gayyata, sannan ka tuntuɓi ƙungiyar da kanka ta adireshinta na hukuma, ba ta lambar da shi ya ba ka ba.