Akushi Mai Ado: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Zuba wa Tuwo?

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, sai na ga akusan zamani na katako, waɗanda ake fiƙewa da inji, an yi musu fenti ja da ruwan gwal ciki da waje. Sun shiga raina. Za a iya cin abinci a cikinsu? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Kafin ki yi ciniki, leƙa cikin akushin. In fentin ya kai har inda tuwo zai zauna, kuma mai sayarwa ya kasa gaya miki irin fentin da aka shafa, to ki saye shi don jere kawai. Miya mai zafi da manja da tsami suna cin fenti a hankali, cokali kuma yana kankare shi. Abin tsoron shi ne dalma: wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, da ita ake haɗa launinsu, kuma ido ba ya ganewa. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978. Mu ma mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinare mai ɗauke da ita ta kashe ɗaruruwan yara.

Ki shinshina. In yana warin fenti ko sifirit, bai gama bushewa ba. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gindinsa, ki ga ko launi zai biyo. Sannan ki ɗaga shi a haske ki duba tsaga, don katakon da aka fiƙe da ɗanyensa yakan dare da zarar hunturu ya shigo. Akushin cin abinci kuwa, ki nemi wanda adonsa ya tsaya a baya da gefen baki, cikinsa katako zalla da aka shafa wa mai ko kakin zuma.

Tambaya: Ni kafinta ne, na sayi injin juya katako ina fiƙe kwanuka. Na gwada tawadar sifirit, sai ta bazu ta yi dabbare-dabbare, da na shafa banish kuma zanen ya narke. In bar ta in koma fentin akirilik? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yar da tawadar, laifin ba nata ba ne. Katako kamar damin kara yake, ramukansa duk sun miƙe gefe guda. A kwanon da aka fiƙe akwai wurare biyu masu fuskantar juna da ramukan suke buɗe, nan ne tawada ke nutsewa ta yi baƙi ƙirin, sauran jikin kuma ya sha kaɗan. Maganin yana hannun sanfefa. Ka fara da lamba 120, ka bi da 180, da 240, har 320, ba tsallake. Ka shafa ruwa kaɗan, gashin katakon zai miƙe, in ya bushe ka sake bi da 320. Daga nan ka toshe ramukan da shafe mara launi mai haɗin ruwa, ko farin fentin shimfiɗa in kana son launin ya fito rangaɗau. A kan wannan santsin ne tawadar sifirit ke nuna gwanintarta: ka ɗiga shuɗi, ka ɗiga sifirit a tsakiya, ka busa da tsinken shan lemo, sai ka ga launin ya ja da baya ya bar zobe mai duhun baki kamar gajimare.

Narkewar kuwa, sifirit ne ya haɗa tawadar, don haka duk abin da ke da sifirit zai sake tayar da ita, musamman shalak, wato ƙaron ƙwarin nan na Indiya da ake narkawa a sifirit. Buroshi ma jan ta yake. Ka yi feshin banish mara sifirit sama-sama daga nesa, sau biyu ko uku, kana bari yana bushewa, kafin shafe mai kauri. Ka kuma gaya wa mai saye kada ya ajiye a bakin taga, yawancin wannan tawadar rini ce, rana na kashe mata launi.

Akirilik ya fi jure rana, ya fi araha, kuma ruwa ke wanke buroshinsa, sai dai yana rufe zanen jikin katakon. Ni dai ina ganin asara ce a lulluɓe maɗaci mai kyau da fenti. In katakon fari ne mara zane, shafa masa. Masu kwanukan Hohloma na Rasha, sana'ar da ta faro tun ƙarni na 17, haka suke yi: su fiƙe farin katako, su shafa yumɓu da mai, su goga garin alminiyum, su yi zane da ja da baƙi, su shafa banish su gasa, sai farin ƙarfen ya koma ruwan gwal ba tare da ko ƙwayar zinare ba. Ka sayi ƙananan kwalaben launi uku tukuna, kuma kowane gwaji ka fara yi a guntun da ya faɗo daga katakon da kake aiki da shi.

Tambaya: Tawadar allo za ta yi baƙin akushi? Daga wani malamin tsangaya.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, za ta yi baƙi, amma ba za ta zauna ba. Ƙaron da ke riƙe ta ruwa na narkar da shi, shi ya sa ake wanke allo a sake rubutu. A nemi tawadar Indiya mai shalak, wadda ba ta wankuwa in ta bushe. Ko a jiƙa soson ƙarfe, irin mai tsatsa, a ruwan khal na 'yan kwanaki, a bar murfin a sassauce don iska ta fita, a tace a shafa a bayan akushin. In katakon bai kama ba, a fara shafa masa baƙin shayi mai kauri, ya bushe, sannan a maimaita.