Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Sharar Masana'anta A Hannun Ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Tudun Wada. Na ji a wasu ƙasashe makarantu kan haɗa gwiwa da masana'antu, a ba yara ragowar kayan da za a zubar su ƙirƙiro abin amfani. Na rubuta wa kamfanoni takarda, shiru kake ji. Yarana kuwa sai furannin roba, a baje ranar bikin makaranta, washegari a share. Ta ina zan fara?
Wata malama, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ni furannin nan sun fi damuna a kan shirun kamfanonin. Yaranki da shara suka fara, suna tambayar me za a yi da ita. Hanyar da kika ji labari kuwa da mutum take farawa: wa ke da matsala, kuma mece ce?

Ki tura su wurin mai tuyar ƙosai ta bakin layinku, su zauna su ga yadda hayaƙi ke cin idonta, su ji nawa itace ke cinye mata kullum. Daga nan sai 'yan katako a Sabon Gari, inda garin katako ke jibge. A kwaɓa shi da kunun sitacin rogo, a danna cikin guntun bututu, a shanya, ya zama curin da za ta hura wuta da shi a madadin itace. Curin farko zai farfashe ko ya turnuƙe ta da hayaƙi, kuma za ta faɗa musu ba kara. Kada ki ba su amsa. Su koma su canja yawan sitacin, su gwada fara babbaka garin a durom ya zama gawayi, su sake kai mata. Komawar nan ita ce karatun, kuma a kanta za ki ba da maki, ba a kan kyan abu ba. Ɓuntun shinkafa ma yana yi, ga shi da yawa, don kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, sai dai tokarsa ta yi yawa, gara a gauraya.

Batun kamfanoni, kada ki ɗauka wulaƙanci ne. Abin da kike kira shara, sau da yawa an riga an yi cinikinsa da 'yan jari-bola, kuma manaja na tsoron yaro ya ji rauni a harabarsa. Takarda mai cewa "haɗin gwiwa" ba ta gaya masa komai. Ki je da ƙafarki, ki nemi abu ƙayyadadde: buhu kaza a wata, ku za ku ɗauka, sannan ma'aikacinsu ɗaya ya zo ya duba aikin yara a ƙarshen zango. Kafin nan ma, telolin cikin birni masu ɗinkin manyan riguna suna da ƙyallayen shadda, dukawa na da guntayen fata. Su ma masana'anta ne, kuma ba mai gadi a ƙofarsu.

Zariya ba ta rasa masana ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen zanen kayan masana'antu, inda ake koyar da saƙa da yumɓu. Ga cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki a masana'antu a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu (ITF) ya fara a 1973, sukan san abin da masana'antu ke zubarwa. Ki nemi ɗaya ya yi miki jagora.

Amma ki kiyaye: fatar kamfani galibi da sinadarin kuromiyam ake jeme ta, ba da bagaruwa ba irin ta majemanmu, don haka a ɗinka ta, kada a ƙona. Kada a narka leda a aji, kuma duron da aka zuba sinadari a ciki kada yaro ya taɓa shi.