Kurfotin gawayi a cikin tanti a kan dutse: barin zif a buɗe ya wadatar?

Tambaya: Malam, ni da abokaina uku za mu kwana a sansanin masu yawon buɗe ido da ke kan dutse a wani gandun daji na ƙasa, a tsayin kusan mita 3,000. Sanyi nake tsoro ƙwarai. Wani ya ce mu shiga da ɗan kurfotin gawayi cikin tanti, mu bar zif a ɗan buɗe. Hakan ya wadatar?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya, domin zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, har ma a Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya da ke kusa da layin ikwaita, yankin zafi na duniya, ruwa yakan daskare cikin dare a sansanonin sama. Sai dai shawarar da aka ba ku ta fi sanyin haɗari nesa ba kusa ba.

Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta kuma sa tari. Mutane suna auna haɗari da hayaƙi, shi ya sa kullum ake ce mini, "Ai sai garwashin ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, sannan muke shigar da shi." Garwashin da ya yi ja, har da wanda toka ta rufe ana zaton ya mutu, yana ci gaba da fitar da gubar na tsawon sa'o'i. Iskar tana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, alhali a mita 3,000 oksijin ɗin da kake shaƙa ya riga ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da bakin teku. Tazarar zif mai faɗin tafin hannu ba za ta fitar da gubar ba, musamman a daren da iska ta kwanta ko raɓa ta jiƙe rufin tantin. Masu yaɗa cewa a ajiye albasa ko kwanon ruwa kusa da wutar su tsotse gubar, da 'yan rakiyar da ba su da horo amma suke cewa sun saba yi, wasa suke yi da rayukan mutane. Risho da ƙaramin murhun gas ma hukuncinsu ɗaya, a waje ake girki.

Abin da ya fi damuna shi ne alamomin gubar, wato ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, su ne kuma alamomin ciwon hawan tudu da ke farawa daga wajen mita 2,500. Sai mutum ya ce tsayi ne, ya sha maganin ciwon kai, ya ja bargo ya koma barci kusa da abin da ke kashe shi.

Maganin sanyi yana ƙarƙashinka ne tukuna, domin ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki, don haka ka nemi shimfiɗar soso mai kauri da jakar barcin da aka yi don sanyin da ya kai ƙasa da digiri sifili. Ka cire kayan da gumi ya jiƙa kafin ka kwanta, ka sa hula da busasshiyar safa, ka ci abinci mai zafi, sannan ka zuba ruwan zafi a gora mai murfi mai kyau, ka naɗe ta da riga ka sa a cikin jakar. Ka tambayi jami'an gandun dajin dokar kunna wuta, domin wasu wuraren sun haramta ta gaba ɗaya.

Idan kuwa wani ya farka da ciwon kai ko ruɗewa a tantin da aka kunna wuta, a fitar da kowa waje nan take, a sanar da jami'ai, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.