Me ya sa abin da na tatso daga ganye ba shi da ƙarfi a gwajin DPPH?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗaliba ce, ina bincike kan tatso sinadaran antioksidan daga ganyen zaitun. Na shanya ganyen a rana, na sa shi a Soxhlet (na'urar gilashi da ake tatso sinadarai da ita ta hanyar tafasawa) da zallar itanol wajen awa 8, amma sakamakon DPPH, wato gwajin auna ƙarfin antioksidan, ya fito ƙasa sosai. Wai sai na nemi injin ultrasound ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kafin maganar inji, ni inda na fi zargi shanyar nan ce. Hasken rana da zafi suna lalata finolik, wato sinadaran antioksidan ɗin da kike nema, kuma muddin ganye na da danshi akwai wani enzayim a cikinsa, polifenol oksides, da ke ci gaba da cinye su, shi ne ma ke sa ganye ya koma ruwan ƙasa. Ki shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko a oven kan digiri 40 zuwa 50 na Celsius, sannan ki niƙa ki tankaɗe don garin ya zo daidai.

Sai itanol ɗin. Zallarsa ba ta cika jawo finolik irin su oliyuropin da filabonoyid da kyau ba, a sirka shi da ruwa ya fi, kamar kashi 60 zuwa 80 cikin 100, don ruwan ne ke kumbura garin ya buɗe wa itanol hanya. Giram 1 na gari ki ba shi mil 10 zuwa 20.

Shi kuwa Soxhlet tun 1879 aka ƙirƙiro shi, kuma don fitar da maiƙo aka yi shi, to kin ga abin da kika tatso yana zaune a tulun ƙasa yana ta tafasa awa da awanni, dole wani ɓangare ya lalace.

Ultrasound yana da kyau gaskiya, ƙananan kumfa yake haddasawa suna fashewa suna farfasa bangon ƙwayoyin ganyen, cikin minti 20 zuwa 30 an gama. Amma ki sa ido kan ruwan bahon injin don yana ɗumama da kansa, kar ya wuce digiri 50. In babu injin, ki jiƙa a kwalba mai duhu kina girgizawa, ki tace ki sake jiƙa tukar sau biyu.

Shi ma sinadarin DPPH ɗin da ake gwajin da shi haske na ɓata shi, ki haɗa sabo ranar gwaji, in kin zuba masa abin da kika tatso ki bar shi minti 30 a duhu kafin ki karanta a injin auna haske kan 517 nm. Kuma don Allah abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane gwaji, ki fara da shanyar.